Fina-finan da na kalla ina jinyar ƙafa

Sati uku cur na yi ban taka ƙofar gida ba bayan wani mai keke napep ya kwashe ni a wajen Kwangila, mai ɗori ya ce kar na kuskura na ɗora wa ƙafar nan nauyi sai ya ba ni izini. To mutum yana kwance a falo daga safe har dare me zai yi, wayar ma ta gundure ni, sai na ba ƙanina falash na ce ya je Sabon Gari wajen masu tura fim a cika min, kar ya tsaya zaɓe, duk abin da yaron shagon ya ce yana da kyau a zuba. Abin da ya dawo da shi kamar dilar gwanjo, Indiya, Amurka, Koriya, har da wani na Hausa da ko suna babu, an rubuta masa "sabo 2" kawai.

Amina na fara kunnawa don shi na fi ɗoki, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni ya fita a Netflix a 2021, Lucy Ameh ce ta fito a Sarauniyar. Ku da kanku kun san yadda mu 'yan Zazzau muke ji da matar nan, tun muna firamare ake mana labarin ganuwarta da Turunku da yaƙe-yaƙenta, ga ɗakin kwanan ɗalibai mata a ABU da sunanta. Gaskiya an kashe kuɗi, hoton ya fita fes, dawakai da fagen yaƙi duk ba laifi. Amma wallahi raina bai kwanta da shi ba. Kusan komai da Turanci ake yi, fadawa na magana da sarki kamar ana mitin a ofis, ni da na taso ina cusa kai cikin mutane a ƙofar fada ranar hawan Daushe, na san yadda ake zubewa a yi gaisuwa, na san yadda kakaki ke tayar wa mutum da tsikar jiki, ban ji wannan ƙamshin ba sam. Hajiyarmu ta zo ta zauna da farantin shinkafarta tana tsince, ta yi kamar minti ashirin tana kallo sai ta ce "Wai wannan ce Aminar? To me ya hana ta yin Hausa?" Da Ali Nuhu ya fito ta ɗan saki fuska ta ce ga ɗan gida, da shi ma ya buɗe baki ya kama Turanci ta ɗauki farantinta ta koma tsakar gida. Biyar cikin goma na ba shi, biyun ma don dawakai ne.

Titanic kuwa na 1997 na taɓa gani tuntuni, na sake ne kawai don yana ciki. Har yanzu rabin ƙarshe yana da ƙarfi, musamman in ka tuna abin ya faru da gaske a 1912 mutum sama da 1,500 suka halaka a ruwan sanyi. Shawara ɗaya, kar ka kalle shi rimot na nesa da kai. Ni nawa yana kan tibi ga ƙafa a ɗaure, aka zo wajen nan da saurayin ke zana hoton budurwar ba kaya a jikinta daidai lokacin da ƙanwata ta shigo da abinci, sai tari na kama yi ina nuna mata soket da hannu.

Train to Busan na Koriya ne, 2016, mutane na rikiɗewa suna cizon juna a cikin jirgin ƙasa. Na ɗauka shirme ne irin na tsoratar da yara, ashe labarin uba ne da 'yarsa, mutumin da aiki ya ɗauke wa hankali bai san 'yar cikinsa ba sai da mutuwa ta tsaya a ƙofar tarago. Ƙarshensa ya taɓa ni fiye da yadda zan yarda a gaban abokai.

3 Idiots shi ne ƙanina ya nace, fassarar Hausa ce, mai fassarar dai ya cika zuba barkwancinsa har inda ake kuka, amma fim ɗin ya fi ƙarfin a ɓata shi. Aamir Khan ya haura shekara 40 lokacin da aka yi shi a 2009 amma ya fito a ɗalibin injiniya kuma ka yarda. Duk wanda ya taɓa yin haddar handawut a ABU, Samaru ko Kongo, daren jarabawa zai ga kansa a ciki. Abin dariya, wajen da wuta ta ɗauke musu ana tsaka da haihuwa suka haɗa batiran mota suka kawo haske, mu ma a daidai nan aka ɗauke mana, sai washegari muka ga jaririn.

Wanda ya cinye gasar dai Sholay ne, na 1975, fim ɗin da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya fi awa uku, ba fassara, Indiyanci ne zalla. Ina kunnawa bayan isha'i Baba ya dawo daga masallaci, yana jin kiɗan farko ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa ya ce "Kai, ina ka samo wannan?" Mutumin da kullum yake cewa kallo aikin marasa aikin yi ne, sai ga shi ya jawo kujera ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ashe a sinima ya gan shi yana saurayi, wai sau nawa ma bai ƙirga ba. Shi ya zama mai fassararmu, kafin Amjad Khan ya yi magana a matsayin bos ɗin nan Gabbar Baba ya riga ya faɗa mana abin da zai ce, ya nuna mana dalilin da ya sa tsohon ɗan sandan nan Thakur kullum yake lulluɓe da mayafi tun kafin a nuna an sare masa hannuwa, Hajiya na ta ce masa "Alhaji ka bari mana mu gani da idonmu." Ita da ko kalma ɗaya ba ta ji ta zauna har ƙarshe, tana dariyar surutun Basanti mai keken doki, da Amitabh Bachchan ya mutu Dharmendra ya duba kwabon nan da suke jefawa ya ga duk fuska ɗaya ce, na waiga na ga tana share ido da bakin gyale. Shinkafar ma ranar ba a ƙarasa tsince ta ba.

"Sabo 2" ban san ko yana da kyau ba, ana tsaka da rigimar kishiyoyi a minti na talatin da wani abu fayil ɗin ya tsaya cak. Na ce ƙanina ya mayar a sake tura min a goge sauran, Baba daga ɗaki ya ɗaga murya ya ce a goge komai amma kar wanda ya taɓa masa Sholay.