Garejin da ya fitar da motata a gwajin hayaƙi: aiki ya yi, amma akwai ƙorafi

Motata Honda Accord ce ta 2003, 'yar Kwatano, kuma ta faɗi gwajin hayaƙi lokacin da na je sabunta takardar lafiyar mota. Takardar ta nuna man da bai ƙone ba da iska mai guba sun wuce ƙa'ida. Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani gareji a wajen kasuwar Tsohuwar Panteka da ke Kaduna, kuma maganar gaskiya mai garejin ya san aikinsa.

Da ya jona mata kwamfuta ya gama dubawa, sai ya kwanta a ƙarƙashinta ya ƙwanƙwasa tukunyar indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin bututun salansa, da sifana. Ƙara ta yi kamar ta gwangwanin da ba komai. Ya kwance ya haska min da fitilar waya, ina hango haske ta ɗaya ɓangaren. Ya ce, "Yallaɓai, an yashe maka ita."

Wallahi raina ya ɓaci. Ashe abin da ke cikin tukunyar nan shi ke ƙone gubar kafin ta fita ta salansa, kuma an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake da masu sayensa. Nan take na tuna wanda ya yi min waldar salansa bara, har yana ce min motar za ta fi numfashi. Mutumin da nake gaisawa da shi, nake ba yaransa na abinci! Tun lokacin take wannan warin da ke sa yarana ciwon kai a kujerar baya, ni kuwa ina ta zargin mai.

Abin da ya burge ni, mai garejin ya ƙi ɗaura wata indomin sai da ya gyara abin da ke sa injin shan mai fiye da kima. Ya ce ɗanyen mai idan ya riƙa isa cikinta, narkar da ita zai yi. Ya canza sensar oksijin ta gaba da filogi da matatar iska, ya wanke nozul, ya juye baƙin mai. Ya kuma ce kada in kai ta gwaji da sanyin inji, in fara zagaya baifas ta yi zafi sosai. Haka na yi, ta wuce. Shan mai ma ya ragu, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ba zan ce ku je ido rufe ba. Alƙawarinsa na "gobe" bai da ranar cika. Na bar masa mai kusan rabin tanki, na tarar allura ta kwanta, aka ce gwaji aka yi da ita. Kujerar direba duk tabon baƙin mai. Wanda ya fi ci min rai, tsofaffin kayan da aka cire sai da na ɗaga murya kafin yaron shagonsa ya fito da su, kuma ba rasit ko na abu ɗaya. Mutumin da aka taɓa yi wa sata a ƙarƙashin motarsa, me ake so ya zata? Idan za ku kai masa, ku je da sassafe, ku bi yaron shago a sayi kayan a gabanku, kuma ku zauna har a ɗaure kusa ta ƙarshe.