Tsohon jujin da ya koma wurin shaƙatawa: tauraro huɗu na yi niyya, sai na iso kwarin nan

Da farko wurin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Tudu ne mai ciyawa shar, iska na kaɗawa, ana hango gari daga sama, kuma wanda bai san tarihin filin ba ba zai taɓa cewa shara ce jibge a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Gangaren ma an yi shi da hankali: kusan mita uku a kwance kafin a hau mita ɗaya, daidai abin da ƙasar rufi ke iya riƙewa ba tare da ta zame ba. Kawunan rijiyoyin gas, waɗanda ake zuƙo gas ɗin da shara ke fitarwa ta cikinsu, kuma duk an kewaye su da waya. Tauraro huɗu na shirya bayarwa.

Sai hanyar masu gudu ta gangara wani kwari a bayan tudun. Kwana uku rabon da a yi ruwa, amma ga kududdufi kwance a tsakiyar hanya. Kwaltar ta tsattsage, a gefenta ana iya ƙirga shimfiɗa uku, ɗaya kan ɗaya, alamar sau uku ke nan ana faci. Kusa da wurin ciyawa ta mutu, fili kamar faɗin ɗaki guda, ƙasar ta yi baƙi. In ka durƙusa za ka ga ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasan ruwan, ɗaya bayan ɗaya, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Taku goma daga nan akwai benci.

Wannan ba ƙaramar matsalar magudana ba ce. Shara tana ruɓewa ne shekara da shekaru, tana ruɓewa tana lotsawa, kuma ba ta lotsawa daidai: inda aka zuba ragowar abinci da takarda ya fi inda aka zuba ɓaraguzan gini saurin sauka. Rufin da ke samanta hawa-hawa ne, yumɓu da aka daddanne, sai shimfiɗar roba mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, sai abin da ke janye ruwa, sannan ƙasar shuka. Da zarar wani wuri ya lotsa, rufin ya bi shi ya zama kwano. Ruwa ya taru, nauyi ya ƙaru, robar ta miƙe har ɗinkinta ya iya buɗewa. Ruwan da ya samu shiga kuma ya hanzarta ruɓewar, wurin ya ƙara sauka.

Abin da ya fi wannan muni yana cikin bututun da ke kai gas daga rijiyoyin zuwa injin da ke zuƙarsa. Gas ɗin juji yana fitowa da ɗumi da danshi, in ya huce sai ya yi gumi a cikin bututun, shi ya sa ake shimfiɗa su da ɗan gangare zuwa ramin tara ruwa. In ƙasa ta lotsa, bututun ya yi ciki, gumin ya kwanta a wurin ya toshe hanya. Injin yana can yana zuƙa, rijiyoyin da ke bayan toshiyar kuwa babu mai jansu. Sai gas ya nemi mafita ta sama, ya kori iskar da saiwoyi ke shaƙa, ciyawa ta mutu. Kusan rabin wannan gas metan ne, saura galibi iskar kabon. Metan ba shi da wari. Warin da hanci ke ji na sinadarin farar wuta ne da ke rakiyarsa. A sarari iska na kwashe metan ɗin, amma in ya taru a rufaffen wuri ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin, ƙyastu ɗaya ya isa ya sa shi fashewa. A Loscoe ta Ingila, a watan Maris na 1986, matsin iska ya faɗi farat ɗaya, gas ɗin juji ya bi ƙasa ya shiga wani gida, gidan ya tarwatse.

To me masu kula da wurin suka yi? Kwalta. An bar jaki ana dukan taiki. Kowace sabuwar shimfiɗa ƙarin nauyi ce a kan wurin da nauyi ke kashewa. Gyaran gaskiya shi ne a killace wurin, a tone har kan robar, a duba ɗinki a liƙe, a ɗaga bututun a mayar masa da gangarensa, a cike da ƙasa har ruwa ya samu hanyar gudu, sannan a auna gas a saman ƙasa da na'ura kafin a buɗe. Hanyar kanta ma tun farko tsakuwa ko bulon da ake jerawa ya kamata a sa, abin da za a ɗaga a gyara a mayar.

Tun da na fara, bari in faɗi na itatuwan. An jera su a kan tudun don hoto, rabi sun bushe a tsaye. Ƙasar da ta ishi ciyawa ba ta isar itace. Yana son mita ɗaya zuwa sama, ko a tara masa nasa tudun. A Nanjido ta Seoul, jujin da aka rufe a 1993 aka buɗe shi wurin shaƙatawa a 2002, dogayen ciyayi aka baza a saman tudun Haneul, kuma su ne jama'a ke zuwa kallo. Jujin Freshkills na New York, eka 2,200, tun 2001 aka daina zuba shara amma har yanzu kashi-kashi ake buɗe shi. A Amurka doka ta ɗora wa mai juji kulawar shekara 30 bayan rufewa. Nan kuwa da alama an kashe kuɗin kan ranar yanka kintinkiri.

Tauraro biyu. Saman tudun da yamma ya cancanci zuwa, amma a bi ta hanyar gaba, kada a bar yara su yi wasa a kududdufin nan, kuma mai shan taba ya haƙura har ya fita. Banɗakin da ke gindin tudun ma ban ga na'urar gano gas a cikinsa ba, kuma tagoginsa a rufe suke.