Lambun Caerhays a Konwol: mun je ganin magnoliya a watan Maris

Jama'a duk wanda yake zaune a Ingila kuma yana son itatuwa to ya sa lambun Caerhays a lissafinsa, amma fa ya kula da watan da zai je. Mu a tsakiyar Maris muka je ni da uwargida, kuma wallahi har yau in na rufe ido ina ganin wannan tudun. Wajen yana can kudu maso yammacin ƙasar a yankin Konwol, a bakin teku, ba nisa da garin St Austell. Daga Landan jirgin ƙasa yana cin awa 4 da wani abu kafin ya kai St Austell, daga nan sai an nemi mota don ƙauye ne sosai, hanyoyin ƙarshe kuma sirara ne, in kuka yi kiciɓis da wata motar dole ɗaya ya ja da baya.

Abun da nake so mutum ya gane tun kafin ya yanki tikiti shi ne wannan ba irin lambun nan bane na fulawa a jere da ciyawa an aske ta tas. Daji ne. Daji guda a jikin tudu wanda ya haura eka 100, itatuwa manya manya, furannin kuma a can sama suke sai ka ɗaga kai har wuyanka ya gaji.

Wadda ta fara tsayar da mu ita ce magnoliya irin ta tsaunukan Himalaya, wadda suke cewa campbellii. Itace ne dogo ya fi gidan sama, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, sai fure ruwan hoda ya rufe rassan gaba ɗaya, kowanne kamar ƙaramin kwano. Nan take na tuna da minjirya a gida yanda take fitar da jan fure lokacin rani alhali reshenta tsirara yake, sai dai wannan girmansa daban ne. Uwargida ta tsinci ɓaren fure ɗaya da ya faɗo ƙasa ta ɗora a tafin hannunta ya kusa rufe shi, ga kauri kamar fata, ga sanyi, cikinsa fari fari bayansa ya fi duhu. A gefe kuma ga ɓawon da yake rufe furen kafin ya buɗe, duk gashi gashi ruwan toka kamar jikin zomo, shi ne rigar sanyinsa tun cikin hunturu. Mun fi minti 20 a gindin itacen nan bamu ce komai ba. Kuma ka sani irin wannan in daga iri aka shuka shi yakan yi shekara 20 ko fiye kafin ya yi furen farko, to ka ga wanda ya shuka ba don gobe ya shuka ba.

Tarihin wajen ma ya burge ni. Ginin da yake ƙasa mai kama da fada John Nash ne ya zana shi, aka fara gini a 1807, daga baya gidan Williams suka saye. J.C. Williams wanda ya rasu a 1939 shi ne ya mayar da dajin haka, yana zuba kuɗinsa a tafiye tafiyen masu neman tsirrai irin su George Forrest da ya yi ta yawo a tsaunukan Yunnan na ƙasar Sin yana aiko da iri, akwai kuma waɗanda suka fito daga abun da Ernest Wilson ya tattaro. Abun da yasa suka kama a nan kuwa teku ne yake sassauta sanyi, ruwan sama isasshe, ƙasar kuma mai tsami ce irin wadda waɗannan itatuwa suke so. Za ka ga dogayen shingaye na itatuwa masu kaurin ganye an bar su don tare iskar teku. Yanzu haka wajen yana cikin lambunan da aka amince su riƙe tarin nau'o'in magnoliya na ƙasar Birtaniya.

Kameliya kuwa, wata itaciyar fure mai ganye mai sheƙi, ko ina take, ja da fari da ruwan hoda, ƙasa duk ta rufe da furen da ya zube. A nan ne aka haɗa aure tsakanin nau'in saluenensis da japonica aka samu wadda ake kira williamsii, alherinta shi ne in furen ya gama sai ya faɗi da kansa baya maƙalewa ya bushe a jikin reshe. Dangin ganyen shayi ce fa, ni sai da na shafa ganyen mai sheƙi sannan na yarda.

Shawarata a sa takalmi mai kama ƙasa, don akwai hawa da gangara kuma in an yi ruwa akwai taɓo, mai tura keken yara ko dattijo ya bi gajeriyar hanya, suna bada taswira mai nuna hanyoyin. A karanta ƙananan allunan suna da ke jikin itatuwan. Sannan a duba hasashen yanayi kafin a taso, dare ɗaya na jaura ya isa ya ƙona furen magnoliya ya koma ruwan ƙasa, mun ga wasu da abun ya taɓa gefensu gaskiya sai da na ji tausayi. Lambun kuma ba a buɗe yake tsawon shekara ba, daga tsakiyar Fabrairu ne zuwa wajen tsakiyar Yuni.

Awa 3 muka yi a ciki kuma ko rabi bamu zaga ba. Da muka sauko sai muka gangara bakin tekun Porthluney da ke gaban gidan, muka yi azahar a gefen mota, muka zauna da filas ɗin shayi muna hango tudun ya yi dabbare dabbare da ruwan hoda. Uwargida ta ce in Allah ya kai mu ƙarshen Afrilu mu dawo ganin furen itacen rododendiron, na ce to.