Na kai ɗan shekara biyar akadamin ƙwallo, wata uku na cire shi

Tun da na sa hoton ɗana Abba da riga da doguwar safa a Facebook mutane ke tambayata ya akadamin take, su ma su kai nasu. Ga amsa a wuri ɗaya. Ba zan kama suna ba, suna atisaye ne a wani fili ta wajen Kawo, masu abin sun san kansu.

Shekararsa biyar da wata huɗu na kai shi, kuma ni na ƙagu. Mu da muka tashi lokacin da 'yan Kaduna suka cika tawagar Najeriya, su Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida da Babayaro, waɗanda aka ciyo zinaren Olamfik da su a Atlanta a 1996, kowannenmu gani yake akwai irinsu a gidansa. Ga shi kullum ana ba mu labarin Messi, tun bai kai shekara shida ba yake buga wa ƙungiyar unguwarsu a Rosario. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maman yara ta ce a bari ya ƙara wayo, na yi kunnen uwar shegu.

Da farko ba laifi. Asabar da Lahadi bayan la'asar ne, ba ya cin karo da Islamiyya, kocin kuma mai fara'a. Lambar rigar wanki biyu ta ɓare, ban ma yi magana ba.

Wata Asabar cikin hunturu mai kula da ƙananan bai zo ba. Koci ɗaya, yara sun doshi arba'in, sai ya haɗa su gaba ɗaya, 'yan shekara biyar da 'yan sha biyu, aka jefa musu ƙwallo lamba 5, irin ta manya. Ina zaune kan benci ina kallo. Abba ko inda ƙwallon take bai sani ba, ya tsuguna a tsakiyar fili yana tara ƙasa da hannu, takalminsa ɗaya a kwance. Wani dogon yaro ya ɗaga ƙafa ya ɗirka ta da iya ƙarfinsa, daidai lokacin da Abba ya miƙe. A fuska ta same shi. Ya yi zaman daɓaro, shiru na ɗan lokaci, sannan kuka, sannan haɓo har kan rigar. Babu akwatin magani a filin, ko auduga. Da fiya wata biyu da hankicina na wanke masa fuska, wani mai rake ya riƙe min kansa.

Kocin ya iso yana busa usur, ya ce, "Alhaji, ka bar shi, haka ake zama namiji."

Na ce, "Koci, shekararsa biyar fa. Ko igiyar takalmi bai iya ɗaurewa ba."

Maganarsa ta fi ƙwallon yi min ciwo. Mutumin da ke karɓar kuɗi da sunan horar da yara ya san lamba 3 ake ba 'yan ƙasa da shekara takwas, a ɗan ƙaramin fili, su kaɗan-kaɗan, yadda kowa zai taɓa. A Amurka tun 2015 aka hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, a nan kuwa da idona na ga an jera su layi ana cilla musu suna karɓa da goshi. Manyan ƙungiyoyin Ingila ma sai a rukunin 'yan ƙasa da shekara tara suke fara ɗaukar yaro a hukumance.

Amma a faɗi gaskiya, bayan isha'i sai ga shi a ƙofar gida da ledar lemo, ya durƙusa ya duba hancin yaron, ya ba da haƙuri. Na sauko. Kuma ɗan maƙwabcina mai shekara tara, da muke haɗa musu keke ɗaya, ya canza ƙwarai: yana tare ƙwallo, yana ɗaga kai kafin ya ba da, har nauyin baki ya rage. Wanda ɗansa ya kai takwas, yana jin umarni, yana jure rashin nasara ba kuka, zan ce ya gwada su. Na biyar kam wasa yake so, ba atisaye ba.

Har na yi niyyar ba su tauraro huɗu, sai na tuna kuɗin zango. Kwana tara kafin abin na biya na wata uku masu zuwa. Na ce a mayar min ko rabi, ko a ajiye har ya girma. Aka ce "ba ma mayarwa". Da na maimaita a zauren WhatsApp na iyaye, washegari na tarar an cire ni. Tauraro biyu na ba su, ɗaya ma albarkacin lemon ne.

Yanzu Abba a ƙofar gida yake tamola da 'yar ƙwallon roba, silifas biyu ne raga. Jiya ya ce min shi gola zai zama, wai don gola ne kaɗai ake bari ya kare fuskarsa da hannu.