Yawon buɗe ido: hanyar Gambiya ko ta Ruwanda?

Gambiya ta zaɓi yawan baƙi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu Turawa masu gudun sanyi kan cika otal-otal na bakin teku, masu tasi da mata masu sayar da 'ya'yan itace su samu na cefane. Matsalar ita ce yawancin baƙin sun riga sun biya kuɗin jirgi da masauki tun a Turai, abin da ke isowa hannun ɗan ƙasa kaɗan ne. Da Thomas Cook, kamfanin Birtaniya mai kawo masu yawon buɗe ido Gambiya, ya durƙushe a Satumbar 2019, otal-otal da dama sun ji a jikinsu.

Ruwanda kuwa tsada ta zaɓa. A 2017 ta ninka kuɗin izinin ganin goggon biri (gorilla) a gandun dajin Volcanoes daga dala 750 zuwa 1,500, ta kuma ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun daji domin makarantu, asibitoci da ruwan sha a ƙauyukan kewaye.

Ni na fi karkata ga Ruwanda, domin kuɗin na shiga baitulmali kai tsaye kuma dajin bai lalace ba. Sai dai tsarin Gambiya ya fi buɗe wa ƙaramin ɗan kasuwa ƙofa, wannan kuma ba abin rainawa ba ne.