Zoom ko Google Meet: Wanne Ya Dace da Taron Rassa Masu Nisa?

Masu shirya taro tsakanin ofisoshin da ke garuruwa daban-daban sun sha tambayata wanne za su ɗauka tsakanin Zoom da Google Meet.

Ta fuskar kuɗi, kowannensu yana da tsarin kyauta mai ɗaukar mutum 100, amma Zoom yana yanke taro bayan minti 40, yayin da Meet yake barin taron mutum uku ko fiye ya kai awa ɗaya. A ganina wannan tazarar ba ƙarama ba ce, domin kafin kowane reshe ya shigo, a daidaita sauti, a tabbatar ana jin juna, lokaci ya riga ya ja.

Meet ya fi sauƙin shiga, tunda yana buɗewa a kwamfuta ba tare da an sauke manhaja ba. Sai dai Zoom na kyauta yana ba da damar naɗar taro a kwamfuta da kuma raba mahalarta zuwa ƙananan rukunoni, abubuwan da Meet ya keɓe wa masu biya. Naɗin nan yana da amfani sosai ga reshen da intanet ɗinsa ya katse ana tsakiyar magana.

Batun tsaro kuwa, kutsen da baƙi suka riƙa yi wa tarukan Zoom a 2020 ya sa Zoom ya ƙara tsaurara matakan kariya kamar kalmar sirri da ɗakin jira, inda mahalarta ke dakatawa har mai shirya taro ya shigar da su.

Meet ya dace da gajerun tarukan mako-mako na masu amfani da Gmail, Zoom kuma ya dace da masu horar da ma'aikata ko masu son ajiye abin da aka tattauna.