Kontak kilina: wane gwangwani ya dace da wane makunni

Amfilifaya na ƙaraf-ƙaraf idan an murɗa folum, ko sifika ɗaya ta ɗauke sai an girgiza makunni sannan ta dawo. Galibi babu abin da ya ƙone. Haƙoran ƙarfen da ke haɗuwa cikin makunnin ne suka daina taɓa juna yadda ya kamata, kuma abu biyu ke jawo haka. Ko dai ƙura da tsohon maiko sun taru a kansu, ko kuma ƙarfen kansa ya yi tsatsa: jan ƙarfe ya dushe, azurfa ta yi baƙi saboda sinadarin salfa da ke cikin iska. Gwangwanayen feshin wanke waɗannan haƙora, da ake sayarwa da sunan kontak kilina, ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa mutum zai fesa, ƙara ta ɗauke kwana uku, ta dawo.

Mu fara da masu wanki kawai. CRC QD Electronic Cleaner da WD-40 Specialist Contact Cleaner suna cikin wannan sahu. Suna narkar da maiko, su kore ƙura, su bushe nan take ba su bar komai ba. Sun dace da soket, filogi, bakin batir da allon na'ura. Aibinsu shi ne ba sa taɓa tsatsa sosai, kuma suna wanke man da kamfani ya sa wa makunni tun farko, su bar ƙarfe na gogar ƙarfe. Sifirit ɗin isofurofil ma aikinsa ke nan, muddin mai ƙarfin kashi 99 ne. Na kashi 70 da ake goge rauni da shi, ragowar kashi 30 ɗin ruwa ne, yana makalewa a lungu ya daɗe bai bushe ba.

A lura da sunan WD-40 ɗin nan. Wanda aka saba fesa wa kwaɗo da ƙusa mai tsatsa daban ne, yana barin mai a baya, man kuma ya riƙa kama ƙura. Tambari ɗaya ne, kaya biyu.

Idan azurfa ta yi baƙi, sai a koma ga masu cin tsatsa, kuma biyu ne suka yi suna. DeoxIT D5 na kamfanin CAIG, kashi 5 ne kawai na abin da ke ciki yake ainihin maganin, sauran ruwan da ke kai shi lungu ne ya bushe. Yana sassauta tsatsar ya bar wani siririn mai da ke kare ƙarfen daga iska. A ganina shi ya fi dacewa da wanda gwangwani ɗaya zai iya saya don makunnin zaɓen tasha, makunnin murɗawa da jak ɗin sauti. Ya fi sauran tsada, amma ɗan kaɗan ake bukata. Kontakt 60 na Kontakt Chemie ya fi shi zafi a kan tsohuwar tsatsa, sai dai yana da sharaɗi: bayan 'yan mintuna dole a ɗauraye shi da Kontakt WL, sannan a bi da Kontakt 61 don kariya. Wanda ya fesa 60 ya rufe murfi ya tafi, nan da watanni zai iya buɗewa ya tarar da kore-kore a jikin haƙoran. Wato gwangwani uku ne za a saya, ko kuma a haƙura da shi.

Folum da feda, wato folum ɗin da ake turawa sama da ƙasa, sun fi komai saurin lalacewa a hannun mai gaggawa. A cikinsu akwai siririyar hanyar kabon wadda wani ɗan harshen ƙarfe ke bi, a jikin sandar kuma akwai maiko mai kauri, shi ke sa ka ji nauyi mai daɗi idan ka murɗa. Ka cika shi da kilina mai bushewa, sai maikon ya narke ya gangaro kan kabon, folum ɗin ya koma sakwaf kamar ba a ɗaure ba. DeoxIT FaderLube F5 don wannan aka yi shi. A nemi 'yar ƙofar da ke kusa da ƙafafu ukun da ke jikin folum ɗin, a sa bututun, a danna sau ɗaya a taƙaice. Ba ta gaban sandar ake fesawa ba.

Wajen aikin kansa, a cire filogi daga wuta, a cire batir, a tabbatar manyan kafasita sun sauke caji, domin suna riƙe wuta bayan an kashe na'ura. A fara hure ƙura, in ba haka ba ruwan zai kwaɓa ta ta zama laka. A tare bayan makunnin da tsumma don kada feshin ya kai ga bel ɗin roba, gilashin nuni ko rubutun fuskar na'ura. Bayan an fesa, a kunna a kashe sau ashirin zuwa talatin. Wannan gogayyar ce ke kankare abin da maganin ya sassauta, kuma ita mutane suka fi tsallakewa. A bar shi ya bushe sarai kafin a ba shi wuta, tunda yawancin waɗannan gwangwanaye suna kama wuta. Sannan a ɗora mitar gwaji a kan om, ma'aunin yadda abu ke tare wuta: makunni mai lafiya zai nuna ƙasa da om 1, kuma lambar ba za ta yi rawa ba idan an girgiza shi. A fara haɗa wayoyin mitar biyu a ga abin da suke nunawa su kaɗai, sau da yawa 0.2 ko 0.3, a cire shi daga lissafi.

Akwai abubuwan da ba a kai wa makunni: tinar fenti da sinadarin asiton suna narkar da robar jikinsa. Feshin silikon kuwa, idan tartsatsi ya ƙona shi a bakin rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, yana komawa wani farin gari mai kama da gilashi wanda wuta ba ta bi. Haƙora masu ruwan zinariya ba a kai musu samfefa, rufin ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, shafa biyu ya tafi. Auduga da sifirit sun ishe su, haka ma baƙar robar da ke ƙarƙashin maɓallan rimot.

Akwai inda babu gwangwanin da zai yi magani. Haƙoran rile ko makunnin wuta da tartsatsi ya rarake, sifirin da ya saki, folum da kabon ɗinsa ya suɗe har sauti na ɗaukewa a wuri ɗaya kullum, duk canji suke so. Ƙananan maɓallan dannawa masu ƙafa huɗu su ma a rufe suke ruf, feshi da kyar yake shiga, cire su a sa sababbi ya fi sauri.